Zagon Gindin Giginya

Litinin, 14 ga Mayu 1956, bayan la'asar

An koma lakwal, wato makarantar boko, bayan hutun salla. Darakta ya kira ni biro, ofishinsa, ya ce bana ni zan shirya teyatur, wasan kwaikwayo, na ranar rabon kyauta, kumandan, Baturen mulkin garin, da matarsa za su zo kallo. Na ce to. Da Hausa nake wannan rubutu saboda Darakta mutumin Dahome ne, ko ya tsinci kayen nan da nake rubutu a ciki sai dai ya yi ta juya shi. Ni ma ban fi shi da komai ba. Wata takwas ke nan da aka kawo ni Gaya daga Tasawa, Dendancina bai wuce gaisuwa ba, kogin nan kuwa daga nesa muke mutunci da shi.

Na shiga kilas da wata jarida mai zane da matar kumandan ta ba lakwal. A ciki akwai wani ƙato da mayafi a wuya yana tashi sama, yana ɗaga mota da hannu ɗaya. Na ce wa yara kowane wasa da mutum biyu yake tsayawa, jarumi da mugu, su ƙirƙiro namu na nan garin. Alassan, ɗan mai kamyo, babbar motar kaya, ya miƙe ya ce shi ne Tsalle-Bakwai, da tsalle ɗaya yake ƙetare kogi ya dira Malanbil. Na ce ina sauran shidan? Ya ce na dawowa ne, yana tsayawa gaishe-gaishe.

Mugu kam kowa ya noƙe, sai Safi ta ɗaga hannu. Ta ce dorina ce, sunanta Baki-Rumbu, mai cinye shinkafa da fasa jirage. Ta ce ba a jin zuwanta, sai dai ka ga ruwa ya kwanta luf a gefen jirgi, kifi sun daina tsalle. Kilas ya yi tsit. Na ce a raina, yarinyar nan akwai kai.

Safi ita kaɗai ce mace a kilas ɗina, kuma ita ce ta ɗaya. Sunanta ne a saman takardar yara biyar da zan kai Doso jarrabawar satifika, ta gama firamare. Kamyo zai tashi Asabar 9 ga Yuni. In ta rasa bana shi ke nan, baɗi shekarunta sun wuce.

Laraba, 16 ga Mayu, ƙarfe biyar

Mun haɗa kan Baki-Rumbu da ƙwarya biyu da tsohuwar tabarma, haƙora na rogo. Na koya musu cewa jarumi da sauri yake tafiya, mugu a hankali, don mugu ba ya gaggawa, gani yake shi ke da gaskiya. Safi ta sa kan nan ta taho daga bayan kilas tana lilo, ƙananan yara biyu suka shige ƙarƙashin tebur.

Matsala ɗaya, makamin Tsalle-Bakwai. Karan dawa muka ba shi, yana ɗagawa ya karye, yara suka yi ta birgima don dariya. Ba zan ji kunya gaban matar kumandan a kan kara ba.

Alhamis, 17 ga Mayu, azahar

Yau babu lakwal. Na taka bakin kogi, can ƙasa da inda ake wanki. Na samo abin da muke buƙata: zago, mashin nan na Sarkawa masu kamun kifi. A tsaye yake gindin wata giginya, ya yi tsatsa, gara ta fara cin ƙotar. Ba na kowa ba ne. Da na wani ne ai ba zai bar shi rana da ruwa ba. Akwai wani tsumma ja ɗaure a wuyansa, na kwance na yar.

Da wuyar tugewa dai.

Juma'a, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Mun gwada wasan a filin lakwal, mutane suka taru bayan danga suna kallo. Tsalle-Bakwai ya yi tsallensa, ya fito da zago daga bayan tabarma ya ɗaga sama. Nan ne Baki-Rumbu za ta yi gurnani ta faɗi. Safi ba ta yi gurnani ba. Ta tsaya ƙyam, ina hango idonta ta cikin bakin ƙwarya, ba Alassan take kallo ba, hannunsa take kallo. Na ce, “Safi, faɗi mana!” Sai ta faɗi. Ban taɓa ganin faɗuwa mai kyau irin wannan ba, har na tafa.

Ni kaɗai na tafa. Da na waiwaya bayan danga an watse, wata mata ta bar tulunta a wurin. Safi ta daɗe ba ta tashi ba, da ta tashi ta ajiye kan a hankali ta tafi ko sallama babu. Zafi ne, ina jin. Cikin ƙwaryar nan akwai zafi.

Litinin, 21 ga Mayu, hantsi

Yara shida ba su zo ba, duk 'yan unguwar Sarkawa. Har da Safi.

Talata, 22 ga Mayu, bayan azahar

Ba su zo ba. Darakta ya ce haka suke kowace shekara in ruwa ya ja baya, iyaye na kwashe su kamun kifi. Ya faɗa yana murza gashin baki, shi komai a wurinsa “kowace shekara” ne.

Inna Hajjo, tsohuwar da nake zaune gidanta take dafa mini, ta kawo tuwo da miyar kuka tsura. Na ce, “Inna, yau kifin ya yi tafiya ne?” Ta ce, “Kogi bai bayar ba.” Ina jin ƙamshin suyar kifi daga gidan maƙwabta. Na ce ai ga shi can ana soyawa. Ta ce, “Su ya ba su. Kai dai ci tuwonka, Mushe.” Haka suke kiran malamin lakwal a nan.

Laraba, 23 ga Mayu, magariba

Na gano: kan dorinar ne. Surar abu mai rai, a garin Musulmi, kuma a kan ɗiya mace. Kaico, Sha'ibu, da karatunka! Na tafi wurin liman na ba da haƙuri, na yi dogon bayani a kan ƙwarya da tabarma. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi bai ma san da wata ƙwarya ba, yara ai da tashe ma suna irin wannan. Ya tambaye ni ko akwai wani abu kuma. Na ce babu. Ya dube ni ya sake cewa, “Babu?” Na ce babu. Ya ce to Allah ya sa haka.

Duk da haka na ƙone kan. Rogon ya gasu, yaran unguwa suka cinye haƙoran.

Juma'a, 25 ga Mayu, bayan masallaci

Na yi wa masu jirgi sallama a ƙofar masallaci. Sun amsa, don sallama ba a ƙin ta, amma sun amsa wa ƙasa ne. A sahu mutumin da ke damana ya matsa, aka bar fili tsakaninmu kamar mai ƙazwa.

Me na yi? Ban zagi kowa ba. Ban taɓa matar kowa ba. Bulala ma ni ne malamin da ya fi kowa ƙyamarta a lakwal ɗin nan. Ko don na haɗa mace da namiji a wasa? Ko wani ya ce ni ɗan leƙen asirin kumandan ne? Garin nan in suna fushi da kai sai su ƙara maka ladabi, kai kuma ka yi ta lalube.

Asabar, 26 ga Mayu, safe

Inna Hajjo ta daina share ɗakina. Tana tsayawa bakin ƙofa ta miƙo tsintsiya.

Abin nan da na tugo gindin giginya yana ƙarƙashin gado. Babu inda zan sa shi ne kawai.

Litinin, 28 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Biyar sun dawo, Safi ba ta dawo ba. Na tambaye su, suka yi ta kallon yatsun ƙafa. Alassan ya same ni bayan an tashi ya ce ya fasa zama Tsalle-Bakwai, babansa ya sa ya wanke hannu sau bakwai da ƙasar kogi. Na ce don me? Ya ce shi ma ba a gaya masa ba, an dai mare shi.

Na tafi gidansu Safi. Uwarta Fatuma tana tsakar gida tana bandar kifi, hayaƙi ya cika wurin. Na yi sallama, ta amsa ba ta juyo ba. Na ce, “Uwar Safi, saura kwana goma sha biyu a tafi Doso.” Ta ci gaba da juya kifi ɗaya bayan ɗaya. Wani dogon mutum ya fito, Yakuba, ƙanen uban Safi. Sai yau na lura ban taɓa ganin uban ba, kuma ban taɓa tambaya ba.

Ya ce, “Mushe, ka zo lahiya?”

Na ce lafiya, Safi nake nema.

Ya ce, “Ɗiyarmu ta gama lakwal. Mun gode da abin da ka koya mata.”

Na ce in laifi na yi a gaya mini. Ya dube ni ya ce, “Mi ka rasa a garin ga, Mushe? Da ka roƙa, da mun samo maka sabo.” Ya raka ni har ƙofa, da ladabi.

Sabon me? Tabarma? Ban gane ba. Ko dai na gane. A'a, ban gane ba.

Talata, 29 ga Mayu, azahar

Wa ke barin abu mai amfani a rana da ruwa?

Laraba, 30 ga Mayu, bayan la'asar

Darakta ya ce gobe zai roƙi kumandan ya aika gardi-sarki biyu, dogaransa, su kamo Safi, doka ce, ɗan lakwal ba ya bari sai an sallame shi. Na roƙe shi kamar zan durƙusa. In gardi ya shiga gidan nan da bulala, yarinyar za ta zo, amma gawar karatu za a kai Doso. Ya ba ni zuwa Litinin. Ya ce in ba ta zo ba zai goge sunanta ko ya aika gardi, in zaɓa. Sannan ya tambaye ni ina teyatur ya kwana. Na ce yana nan. Babu jarumi, babu mugu, kan ya zama toka, amma yana nan.

Na ba yara dikte, wato shifta, na karanta layi ɗaya sau uku ban sani ba. Su kuma suka rubuta shi sau uku.

Alhamis, 31 ga Mayu, hantsi

Na tare Inna Hajjo tana tankaɗe. Na ce, “Inna, don girman Allah, yau ba zan ci tuwonki ba sai kin gaya mini.”

Ta ce, “Kai ma ka sani. Tun ranar da ka tura shi ƙarƙashin gado ka sani.”

Na ce na san na ɗauko abu, ban san mene ne ba.

Ta ajiye rariya. Ta ce shekara uku ke nan dorina ta fasa jirgin Labo, uban Safi, daidai giginyar nan. Safi na bakin gaɓa da akushin abincinsa a kai, a kan idonta aka yi. Kwana bakwai ana nema, ko hularsa ba a samu ba, sai zagonsa da ya taso don ƙotar itace ce. Ba gawa, ba kabari. Sai suka kafa zagon a wurin, Fatuma ta yage bakin zanen aurenta ta ɗaura. Can suke zuwa su yi masa addu'a. Ranar salla ma can suka je.

Ta ce, “Kai kuwa ka tumɓuke mutum daga kabarinsa, ka ba ɗan mai kamyo, ka sa wa ɗiyarsa kan dorina, ka ce ta faɗi. Kuma ka tafa.”

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ta ce, “A ce maka mi? Abin da yaro ɗan shekara huɗu ya sani? Kunya suka ji maka.”

Ban ci tuwon ba.

Juma'a, 1 ga Yuni, safe

Ita ta ɗaga hannu. Ita ta ce dorina. Ni na ce akwai kai.

Asabar, 2 ga Yuni, bayan azahar

Da hantsi na naɗe shi cikin farin zanen gadona na nufi kogi. Inna Hajjo ta ce kada in kafa shi da hannuna, in kai in tsaya kawai. Na bi ta tsakiyar gari don kowa ya gani, ban san ko daidai na yi ba ko ƙarin wauta. Ramin yana nan. An kewaye shi da duwatsu kada ƙasa ta rufe. Na nemi tsumman a cikin ciyawa, har da rarrafe, ban same shi ba.

Na tsaya riƙe da shi har rana ta take. Masu jirgi suna wucewa, ba wanda ya ce mini kanzil. Hannuwana suka sage. Can sai ga Yakuba, bayansa Fatuma, bayanta Safi. Ta rame.

Na buɗe baki da jawabin da na kwana biyu ina shiryawa, Yakuba ya ɗaga hannu. Ya ce wa Safi wani abu da Dendanci. Ta matso ta karɓa daga hannuna, ta kwance zanen ta miƙo mini abina. Ita ta kafa shi, ta tattake ƙasa da diddige. Fatuma ta ciro jan tsumman nan daga ƙugunta, ashe tun ranar ta tsince shi, ta ɗaura. Suka yi addu'a, na ɗaga hannu daga baya, ban san ko an yarda in ce amin ba, na faɗa a ciki.

Da za su tafi na ce, “Safi, ki yafe mini.”

Ta ce, “Mushe, ni na ce zan yi dorina. Ina so in ji yadda take ji ne. Amma ban ce a kawo Baba ba.”

Maganar Doso ma ban tayar ba, na koma gida da zanen gado a kafaɗa.

Lahadi, 3 ga Yuni, la'asar

An yi ruwan farko na kirki. Gobe Litinin. Goge suna ko gardi. Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi sau goma.

Litinin, 4 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Kafin a buga ƙararrawa Yakuba ya zo lakwal. Bai shiga ba, a bakin danga muka tsaya.

Ya ce, “Ɗiyar ga ta hana mu barci. Kwana biyu ba ta ci ba, ta ce sai Doso. Ni na so ta zauna, uwarta ta so ta zauna, amma kan Labo gare ta.”

Na ce alhamdu lillahi, har na kama hannunsa. Ya zare a hankali.

Ya ce, “Tsaya, da saura. Uwarta ta ce hannun da ya tuge shi ba zai kai ɗiyarta ko'ina ba. Wani malami ya raka su. Kuma daga yau ba kai ba ita, ko a kilas ko a hanya. Ranar tafiya kada ta gan ka. In ka yarda, ta tafi.”

Na ce saura kwana biyar, akwai abubuwan da ban gama nuna mata ba. Ya ce, “Ka yarda ko ba ka yarda ba?”

Na yarda. Na gaya wa Darakta ciwon ciki ke damuna, ba zan iya hanyar Doso ba, shi ya kai su. Ya ce malaman ƙasar Hausa haka suke kowace shekara. Teyatur kuma ya karɓe ya ba malamin ƙananan kilas, za su yi waƙa.

Laraba, 6 ga Yuni, azahar

Tana biro wurin Darakta tana bita. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Na ji ta faɗi amsar wani lissafi ba daidai ba, shi kuma ya ce madalla. Na ciji hannun rigata.

Kusan wata tara ina sassaƙa yarinyar nan. Haushi nake ji, kuma ban san wa zan ji wa ba. Fatuma tana da gaskiya. Yakuba yana da gaskiya. Har Darakta yau yana da gaskiya, abin da ban taɓa zaton zan rubuta ba.

Asabar, 9 ga Yuni, hantsi

Sun tafi. Na laɓe cikin kilas, na leƙa ta tsagar taga kamar ɓarawo. Kamyon baban Alassan ne, an ɗora buhunan shinkafa, yara a sama. Darakta a gaba da hular kwano. Safi ta zo ƙarshe, Yakuba na riƙe da ƙullinta, Fatuma ta tsaya nesa da hannu a baki. Alassan ya miƙo hannu zai ja ta, ta ƙi, ta taka taya ta hau da kanta. Ta zauna ta juya wa lakwal baya. Ko ta san ina ciki, ko ba ta sani ba, oho.

Na riƙe alkawari. Ban fito ba sai da ƙarar mota ta ɓace.

Sai yanzu na tuna. Yarinyar nan in ta ga tambaya mai sauƙi ba ta karanta ta har ƙarshe, ɗoki ke ɗibarta. Na so in ce wa Darakta ya gaya mata ta karanta kowace tambaya sau biyu kafin ta taɓa alƙalami. Jiya muna tare da shi har magariba, ina ta yi masa ƙaryar ciwon ciki, ban faɗa ba.